Ni ce nake rage masa awo, amma amininsa yake zargi

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Allah Ya saka muku da alheri kan yadda kuke sauraron mutane. Don girman Allah a sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma duk canza su na yi, domin a inda muke ba mu da yawa, kowa ya san motar kowa. Kuma ina roƙo kada a yi saurin yanke mini hukunci, a daure a karanta har ƙarshe. Na san na yi laifi, ba wanke kaina na zo yi ba.

Muna zaune a ƙasar Turawa, a garin Sterling, kusa da filin jirgin Dulles, da mijina da yaranmu uku. Zan kira shi Abban Hanifa. Tuƙi yake yi, yana ɗaukar fasinja daga filin jirgi. Ni kuwa matar gida ce, a sakandare karatuna ya tsaya, sai 'yar sana'ar humra da turaren wuta da nake sayar wa matan masallacinmu. Mijina mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, sigari, tun yana saurayi a Kaduna. Na yi kuka, na yi addu'a, na yi fushi, duk a banza, har tari ya fara hana shi numfashi in ya hau bene. Wanda Allah Ya sa ya raba shi da ita amininsa ne, Malam Awudu, mutumin Kumasi, mai ɗan shagon nama da kayan miya. Shi ma tsohon mashayi ne. Shi ya nuna masa sigarin lantarki, abin nan da suke kira vape, wanda ake ɗura wa ruwa a zuƙi tururi. Ya ce ba wai lafiyayye ba ne, amma tsani ne na saukowa. Malam Awudu ke sayo nikotin ɗin a babbar kwalba, wato sinadarin da ke kama mai shan taba, ya raba wa abokansa a ƙananan kwalabe, kowa ya je gida ya haɗa da gilisirin, wani ruwa mai kauri da ake tsinka shi da shi, da ɗan ƙamshi, don sun ce na kanti zaƙinsa ya yi yawa kuma ba ka san abin da aka zuba ba.

Yadda aikin ya dawo hannuna kuwa, idon Abban Hanifa ne ya fara rauni, shi kuma ba ya son a ce ya tsufa, tabarau na cikin mota yana shan ƙura. Ran nan yana awo da sirinji a teburin da yara ke aikin makaranta, hannunsa ya goce, abin ya malale. Ina ganin autata ta miƙo hannu za ta taɓa, na yi wuf na janye ta. Na ce daga yau ni zan riƙa haɗawa, a ɗakin ƙasa inda nake humrata, in kulle a kabad in riƙe makulli. Ban yi don ina son abin ba. Har yau ban san matsayinsa a addini ba, na tambayi malamarmu a kaikaice ta ba ni amsar da ban fito da komai ba. Na dai ga gara hannuna da nasa.

Malam Awudu da kansa ya zo ya nuna mini. Ya kawo safar hannu, ya manna jan tef a jikin sirinjin daidai layin da zan riƙa tsayawa. Na yi dariya na ce ni da nake haɗa humrar amare, wannan ɗan awon ne zai gagare ni?

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ba turare ba ne. Turare in ya yi ƙarfi a buɗe taga. Wannan ba a auna shi da ido, kuma in za a rage, da sanin mai sha ake ragewa."

Na ce to. Kuma da farko na kiyaye, Allah Ya sani.

Amma Anti, kin san yadda aka tarbiyyantar da mu. Goggona da ta koya mini humra ba ta taɓa riƙe ma'auni ba, murfin kwalba ne da hanci, in ya yi ƙarfi a ƙara mai. Mahaifiyata kuma shekara da shekaru tana rage wa Babanmu gishiri a miya bai sani ba, har hawan jininsa ya sauka, kowa yana yaba mata. Ni kaina na janye wa Abban Hanifa sukari a shayi kaɗan-kaɗan, har ya koma shan rabin abin da ya saba, bai taɓa cewa uffan ba. To wata rana ina riƙe da sirinjin nan, ina kallon ruwan yana hawa, sai zuciyata ta ce mini, me zai hana? Ba Malam Awudu ne ya ce tsani ne na saukowa ba? Ga shi an shekara mutum bai sauko ko taki ɗaya ba. In na gaya masa zai ce a bari sai bayan azumi, bayan azumi ya ce sai sanyi ya wuce. Sai na tsaya ƙasa da tef ɗin kaɗan, na cike da gilisirin, na girgiza, na yi bisimilla na miƙa masa. Na ma ji daɗi a raina, kamar na yi sadaka a ɓoye.

Da a ce na rage da lissafi, wataƙila da abin bai kai haka ba. Amma da ido nake yi. Ranar da na ji tarinsa da asuba sai in zabge da yawa. Ranar da ya dawo a gajiye na ji tausayinsa, sai in sakar masa ya kusa layi. Shi kuma jikinsa ya rasa inda zai tsaya. Wannan satin ya ce ya yi daidai, wancan satin ya ce wannan ai ruwan famfo ne. Ya koma zuƙa ba ƙaƙƙautawa, ciwon kai, saurin fushi. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa Hanifa murya ba, ya daka mata tsawa don ta amsa masa da Turanci, abin da kullum take yi yana dariya. Ni kuma na shiga sunsunar rigunansa kafin in zuba a injin wanki, ina zargin ko ya koma wa sigari a ɓoye. Sau ɗaya na ji warin a kujerar mota, ya ce wani fasinja ne. Har yau ban san gaskiyar wannan ba. Ki duba fa, ni da nake ha'intarsa, ni ce kuma nake bin sawunsa.

Ya zargi na'urar, ya sayi sabuwa. Ya zargi batir. Ya ce ko ɗumin ɗakin ƙasa ne ke kashe ƙarfin abin. Daga nan sai ya ɓare tef ɗin ya matsar da shi sama, ya ce in riƙa kaiwa nan. Na ce to, na ci gaba da tsayawa inda nake tsayawa. Ya sake matsarwa. Ya kuma sakewa. Tef yana hawa, hannuna yana ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu kullum ƙaruwa take, kuma ban taɓa zama na yi tunanin abin da zai faru ranar da wani ya cika sirinjin har wannan layin da gaske ba. Wace irin kwanya ce da ni?

Sau ɗaya tak ya tambaye ni kai tsaye. Ina yanka albasa, ya tsaya a bakin ƙofar kicin ya ce, "Maman Hanifa, kin tabbata kina kaiwa layin nan?"

Ban juyo ba. Na ce, "Tun da muke, ka taɓa kama ni da ha'inci?"

Ya ce a'a, Allah Ya huci zuciyata, ya fita. Na yi ta gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, tambaya na mayar masa. Amma da na tayar da sallar la'asar na kasa tuna raka'a nawa na yi.

Tun da ya cire ni daga zargi, saura mutum ɗaya. Ya fara da wasa, wai mutanen Kumasi akwai iya kasuwa, ko ruwa suka sayar maka sai ka yi godiya. Daga baya wasan ya daina kama da wasa. In Malam Awudu ya kira, sai ya kalli wayar ya kife ta. Na ga abin yana tsiro a gabana, kuma na yi shiru, ina cewa bari ya ƙarasa sabawa da ragin, in ya daina gaba ɗaya sai in ba shi labari mu yi dariya.

Ana haka ƙanwata ta haihu a Silver Spring, haihuwar fari, ba kowa nata a kusa sai ni. Na tafi in kwana biyu in taya ta wankan jego, na bar masa makullan gida duka, har da na kabad, ban ko tuna ba. A ranakun ne Malam Awudu ya aiko wa kowa kasonsa na sabuwar kwalba kamar yadda ya saba. Ruwan Abban Hanifa ya ƙare. Ya ɗauko tabaransa, ya sauka ɗakin ƙasa, ya ture tsohuwar kwalba tunda a ganinsa lalatacciya ce, ya buɗe sabuwa, ya ja har jan tef ɗin da ya yi ta matsarwa. Jikin da na saba wa ɗan kaɗan, rana ɗaya ya sha ninkin-ba-ninki, kuma da irin zuƙar nan ta ba ƙaƙƙautawa da ya koya a hannuna.

Da rana tsaka abin ya kama shi, yana kan babbar hanya da fasinja a baya. Jiri, gumi, amai, zuciya na bugawa kamar za ta fito. Allah Ya taimaka ya samu ya gangara gefe ya tsaya. Fasinjar, wata dattijuwar Baturiya, ita ta kira motar asibiti. Ina riƙe da jaririya aka kira ni. Anti, ban san yadda na miƙa ta ba, ban san yadda mijin ƙanwata ya kai ni ba. Abin da na sani, tun kafin likita ta buɗe baki ta ce nikotin ne ya yi masa yawa, ni na riga na san komai. Da motar ta ƙwace masa fa? Da ya tafi da ran baiwar Allahn nan da ba ta san hawa ba ta san sauka ba? Me zan ce wa yarana? Me zan ce wa Ubangijina?

Wanda na tarar a bakin gadonsa Malam Awudu ne. Ya rufe shagonsa, ya ɗebo mana yara daga makaranta ya kai wa matarsa, ya je ya ɗauko motar daga gefen hanya. Yana tsaye da hularsa a hannu yana ta sannu, Abban Hanifa ya juya fuska bango.

Da muka dawo gida ya zaunar da ni ya warware mini lissafinsa, kuma wallahi in ba ka san abin da na sani ba, lissafin ba shi da ƙofa. Ya ce wata da watanni Awudu yana tsinka abin yana ba shi, shi ya sa ya yi ta ƙara awo. Da ya ga an fara gane shi, sai ya aiko da na gaske ba tare da ya faɗa ba, ya kusa kashe shi. Na ce ko dai a bi a hankali, mutumin nan bai taɓa cutar mu ba. Ya ce ni tausayina ya yi yawa, ban san mutane ba. Ya faɗa wa sauran abokan da ake raba wa. Abin mamaki, sai ga biyu daga cikinsu sun ce su ma dama sun ɗan ji kamar nasu ya yi sanyi. Mutanen da ba su taɓa ƙorafi ba! Daga nan magana ta bar hannun maza ta shigo wurin mata. A masallaci, ina jere kwalaben humra bayan karatu, na ji wata tana cewa wanda zai iya tsinka wannan, wa ya san irin naman da yake sayar mana da sunan halal? Yanzu mutane sun fara wuce shagonsa suna tafiya har wani gari sayen nama. Mutumin da ba shi da komai a ƙasar nan sai sunansa. Ni na ji da kunnena, na sunkuyar da kai ina ba wata canji.

Matar Malam Awudu, Anti Memuna, ta zo gidan da rana Abban Hanifa yana wurin aiki. Ta kawo wake da shinkafa da shito, yajin nan na mutanen Kumasi, kamar yadda ta saba, ko da yake wanda ta aiko a baya mijina ya ce a mayar. Muka gaisa, ta tambayi jikinsa, ta tambayi mai jego. Ta ƙi zama a falo, ta biyo ni kicin tana kallon hannuna ina zuba mata shayi. Can ta ce, "Maman Hanifa, Awudu ya ce in yi miki tambaya guda. Amma ya ce in na kalli fuskarki na ga tambayar za ta yi miki nauyi, in bar ta, in gaishe ki kawai."

Na ce, "Wace tambaya ce, Anti?"

Ta kalli fuskata. Sai ta ce, "Yana gaishe ki."

Ta shanye shayinta, ta yafa mayafi. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa mijinta ya ce gara a ce shi ne, da a ce ya shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Ta tafi. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba ko a asibiti. Sun sani ke nan? Ko zato suke? Ko ni ce nake jin kowace magana kamar da ni ake?

Shi ma Abban Hanifa na kasa gane shi. Tun da ya fito asibiti bai sake taɓa abin ba, ya ce ya tsorata, yana fama da kansa da cingam da goro. Abin da na shekara ina roƙo a sujada ya samu, amma ta hanyar da ba zan iya yin godiya a kanta da sakakkiyar zuciya ba. Yana yi mini kirki fiye da da. Ran nan ya ce a duk ƙasar nan ni kaɗai ce bai taɓa zargi ba. Sai dai kuma na sauka ɗakin ƙasa na same shi ya ɗaga tsohuwar kwalbar yana duba ta a hasken taga, da tabarau a idonsa. Ya ce, "Abin mamaki, kwalbar nan ta yi albarka. Duk ƙarin da muka yi ta yi, ba ta ƙare ba." Ya mayar da ita kabad, ya miƙo mini makullin, ya hau sama. Magana ce kawai ta zo bakinsa? Ko jira yake in faɗa da kaina? In ya sani, me ya sa bai janye maganar Awudu ba? In bai sani ba, me ya sa yake kallona haka in ya ɗauka ban gani?

Yanzu ga inda aka tsaya. Dattawan masallaci sun ce ba za su bar zumunci ya lalace ba, za a zauna ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar, a ji ta bakin kowa. Abban Hanifa zai tafi da tsohuwar kwalbar, akwai wani ɗan'uwa mai harkar magunguna da ya ce zai iya sa a duba ta. Ni kuma ya ce in shirya.

Ya ce, "Ke ce mai awo, ke ce shaidata. Abu ɗaya za ki faɗa, cewa kullum kina kaiwa layi. In sun ce ki rantse, ki rantse, ai gaskiya ce."

Anti, ni da nake koya wa Hanifa girman zunubin shaidar zur. Ba zan iya ba. Amma bari in faɗi mafi munin abin, don in na ɓoye shi wasiƙar nan ba ta da amfani. Jiya da hantsi, yara na makaranta, na buɗe kabad ɗin. Na riƙe tsohuwar kwalbar a hannun dama, gilisirin a hagu. Na san in na tsiyaya kaɗan na girgiza, duk wanda ya duba zai ce an tsinka, maganar mijina ta tabbata, ba mai sake kallona. Na daɗe a tsaye. Ban zuba ba, na mayar na kulle, na je na yi alwala. Amma na tsaya ɗin, kuma makullin yana nan a jakata. Ban ma sani ba ko tsoron Allah ne ya sa nake rubuto miki, ko tsoron kada a duba kwalba a ga lafiyarta ƙalau, ido ya dawo kaina.

In na faɗa masa mu biyu, na san halinsa, ba zai doke ni ba, ba na jin zai sake ni, amma ya zubar da amininsa a gaban jama'a saboda ya yarda da ni, kuma shi zai koma ya tsaya gabansu ya ce matata ce. Anya zai sake cin abin da na dafa bai yi tunani ba? Ina kuma tsoron baƙin ciki ya mayar da shi ga sigari. In na bari sai a zaman, na kunyata shi a gaban dattawa. In na fara zuwa wurin Malam Awudu neman gafara, na fitar da sirrin gidana kafin mai gidan ya ji. In na ce ba ni da lafiya na ƙi zuwa, shagon bawan Allah zai ci gaba da zama ba kowa, shi kuma ya ci gaba da rufa mini asirin da ban roƙe shi ba.

Na san dole sunan Malam Awudu ya wanku, kuma bakina ne kaɗai zai wanke shi. Abin da ban sani ba shi ne ta ina zan fara, da wa zan fara, da wace kalma zan buɗe baki in ya dawo daga aiki ya zauna yana jiran in zuba masa abinci. Iyayena mata da ke wannan shafi, da malamai, da ma mazan da za su iya gaya mini yadda namiji ke jin irin wannan, Lahadi tana matsowa.

Me zan yi?